Yadda muka rage wa yaranmu waya, muka dawo da tuwon dare a gidanmu na Aboabo

Sana'ata gyaran waya ce. Shekara 11 ke nan ina zaune a wani ɗan shago a Adum, tsakiyar birnin Kumasi, ina kwance wayoyin jama'a ina ɗaurawa. Saboda haka idan na ce zan yi magana a kan yara da waya, kada wani ya ɗauka malami ne ya zo wa'azi. Da waya nake ci, da ita nake biyan haya, da ita nake ciyar da 'ya'yana uku. Kuma a cikin gidana ne ta fara ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata Asabar ce bara, ana gab da kiran Magariba. Mahaifiyata, wadda kowa a gidanmu na Aboabo ke kira Mma, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ta dubi ɗana na tsakiya, lokacin yana da shekara uku da rabi, ta ce masa cikin wasan kaka da jika: "Maigidana, tashi ka ɗauko mini buta."

Yaron yana riƙe da wayar uwarsa, bai ko ɗago ba. Ta sake faɗa. Ya ɗago ya dube ta, ya juya ya dubi yayarsa. Sai yayar ta maimaita masa maganar da Turanci. Nan take ya miƙe ya ɗauko butar.

Mma ba ta yi faɗa ba. Ta yi alwalarta, ta yi sallarta. Da na dawo daga masallaci sai ta kira ni. "Zo nan, zauna. Yanzu ni da jikana sai an sa mana tafinta?"

Na rasa abin cewa. Kakan Mma falke ne, daga ƙasar Kano ya biyo ayarin goro zuwa Salaga. Bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892, iyalinsa suka gangaro kudu har suka yada zango a Kumasi. Fiye da shekara 100 zuri'ar nan tana zaune a tsakiyar Asante, muna jin Twi kamar 'yan gari, amma Hausa ba ta taɓa barin bakinmu ba. Ba a aji muka koye ta ba, domin ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a ƙasar nan. A tsakar gida muka sha ta, wajen cin tuwo, wajen aike, wajen faɗa da tatsuniya. Ga shi a hannuna igiyar tana neman tsinkewa.

Yadda waya ta zama mai reno

Ba a rana ɗaya abin ya faru ba. A ƙarshen watan Maris na 2020, lokacin da aka kulle Kumasi da Accra na mako uku saboda korona, 'yarmu ta fari tana da shekara uku. Makarantun ƙananan yara kuwa ba a sake buɗe su ba sai Janairun 2021. Ciki da falo ne rabonmu a gidan haya mai ɗakuna da yawa, Mma kuma tana da nata ɗakin a can ƙurya. Uwargida tela ce, kekenta yana falo. Yarinya tana kuka, ɗinki yana jira, ba damar fita. Sai na ɗauko wata tsohuwar wayata, na gyara ta, na zuba mata katun. Gida ya yi tsit. Muka ce alhamdu lillahi, mun samu lafiya.

Da ƙaninta ya zo duniya, ya tarar al'adar ta zauna daram. Tun bai iya zama ba ake jingina masa waya a jikin filo. Da ya fara cin abinci, ba ya buɗe baki sai ana kallo. Uwar tana tura masa cokali, idonsa yana kan gilashi, bai san abin da ya haɗiya ba, bai san ya ƙoshi ba.

Abincin ma ya canza ba mu ankara ba. Duk ranar da ɗinki ya yi yawa, musamman gab da Sallah, taliyar leda ce mafita: cikin 'yan mintoci ta dahu, ba ta cin gawayi, yara ba sa gardama. Da safe a miƙa wa yaro 'yan kuɗi ya sayi biskit da lemon roba a kiyos ɗin ƙofar gida. Sannu a hankali tuwon zafi da miyar ayoyo ya koma abincin manya. Yaro ya dubi miyar kuka ya kawar da kai kamar an miƙa masa magani.

Ban ɗora wa uwargida laifi ba, kuma duk mai son ɗora wa matan zango laifi, ya fara yin wuni ɗaya a madadinsu tukuna. A zamanin Mma mace ba ta renon yaro ita kaɗai. Akwai kishiya, akwai ƙanwar miji, akwai 'yar riƙo, akwai kaka. Yau kowa ya fita nema, wasu suna Accra, wasu suna ƙasashen Larabawa, wasu Turai. Gurbin waɗannan hannayen da suka ɓace ne waya da taliyar leda suka cike.

Abin da nake gani a kan teburina

Da wuya rana ta faɗi ba a kawo mini wayar da yaro ya ɓata ba. Gilashi a fashe, wurin caji ya toshe da busasshen koko, murfi duk shatin haƙori, sifika ta sha yawu ta daina magana. Kafin in tambaya, mai ita za ta ce: "Wallahi auta ne." Daga nan sai roƙo: "Don Allah ka gama mini yau, in ba haka ba yaron nan ba zai bar mu mu runtsa ba."

Da can dariya nake yi, in karɓi kuɗina. Bayan maganar buta dariyar ta tsaya, domin na ji muryar gidana a bakinsu.

Ni da nake buɗe cikin abin kullum, na san yadda aka tsara shi. Bidiyo ɗaya yana ƙarewa wani ya tashi da kansa, ba sai an taɓa komai ba. Launi da ƙara suna sauyawa kafin ido ya gaji. Ƙwararru ne suka zauna suka ƙera shi don ya riƙe ido. Babba mai gemu ma da ƙyar yake ajiyewa, balle ɗan shekara uku. Sannan kusan duk abin da ake yi wa yara a ciki da Turanci ne. A makarantar reno Turanci, a waya Turanci, a titi Twi. To ina Hausa za ta shiga, idan awannin da suka rage wa yaro a gida ma waya ta cinye su?

Ranar awo

Mako biyu bayan haka ranar awon autarmu ta zo, uwargida kuma tana da ɗinkin biki. Na ce ni zan kai ta, na haɗa da yayanta. Ni kaɗai ne namiji a layin, mata sai kallona suke suna murmushi. Da yaron ya fara rigima na zaro waya na miƙa masa, kamar yadda na saba.

Nas ɗin, wata dattijuwa mai fara'a, ta gama rubutu a littafin awo ta dube ni. "Baban yara, awa nawa yake yi da wannan a rana?" Na ce kamar awa ɗaya. Ta ce in je gida in duba da kyau. Da dare na buɗe wurin da waya ke lissafa lokacin da aka yi ana amfani da ita, wurin da ni da kaina nake nuna wa masu kawo mini gyara. Na wayar uwargida kaɗai ya haura awa huɗu, kuma mafi yawa katun ne. Kunya ta kama ni.

Abin da nas ta faɗa mini ran nan, na bi diddiginsa daga baya na tarar haka yake. A watan Afrilun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Jariri da ɗan shekara ɗaya, kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin. Daga shekara biyu zuwa huɗu, kada kallo ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a wuni, wato awa uku na guje-guje da tsalle-tsalle da wasa. Barci kuwa, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu awa 11 zuwa 14, ɗan shekara uku zuwa huɗu awa 10 zuwa 13. Nawa yaron a lokacin sai ƙarfe 11 na dare yake kwanciya, da safe a tashe shi yana ƙunci.

Ta kuma yi mini bayanin da ya zauna mini a rai. Yaro da mayar da zance yake koyon magana. Ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna abu a gaya masa sunansa, ya yi kuskure a yi dariya a gyara masa. Waya tana zuba ne kawai, ba ta jiran amsa. Nan na gane dalilin da ya sa ɗana ya haddace ƙirga da sunayen launuka da Turanci, amma in ka tambaye shi me ya faru yau a makaranta, ba zai iya ba ka labari da kowane harshe ba.

Da ta hango lemon roba a jakar auta, sai ta girgiza kai. Hukumar ta ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu abin sha mai sukari. Ko babba, an fi so kada sukarin da yake sha a wuni ya wuce kimanin giram 25, wato ƙaramin cokali shida, alhali kwalbar lemo guda kan kai haka ko ta wuce. Ba banza ba gwamnatin Ghana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan irin waɗannan lemuka a 2023. Yaron da ya cika cikinsa da ruwan sukari kafin abinci, ta ina zai ji yunwar tuwo?

Na fara da ƙarfi, na sha ƙasa

Na dawo gida da zafina. Na tattara wayar yara na kulle a akwati, na kafa doka: daga yau ba kallo, ba lemo, ba taliyar leda. Kwana uku gidan ya koma kamar ana zaman makoki. Yaron ya yi birgima a ƙasa, ya ƙi cin abinci, maƙwabta suna leƙowa suna tambayar ko lafiya.

A dare na uku uwargida ta zaunar da ni. "Malam, kai da safe ka fice, sai dare. Dokar taka ce, kukan nawa ne. Ka ƙwace musu abu, me ka ba su a madadinsa? Ni kuma da wane hannun zan yi ɗinki, da wanne zan tuƙa tuwo, da wanne zan riƙe su?" Rana ta huɗu wayar ta fito daga akwati, ni ma ban ce komai ba.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa daga bakin 'yar farin ya fito. Ina cin abinci da hannun dama, hagu yana kan waya ina bin saƙonni, sai ta ce: "Baba, kai taka ba ta ɓata ido ne?" Mma tana jin mu daga ƙofarta. Ta yi dariya har da tafi, ta ce: "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Langar Mma

Mma ce ta kawo maganin. Washegari da yamma ta fito da wata tsohuwar langa mai murfi, cikin kayan aurenta, ta dire ta a tsakar tabarma. Ta ce daga kiran Magariba har a idar da Isha'i a gama cin abinci, duk mai waya a iyalin nan ya sa ta a ciki. Ta fara da tata 'yar ƙaramar mai madannai. Ta miƙo mini langar. "Kai ne babba, sa taka."

Na ce: "Mma, masu gyara suna kirana fa." Ta ce: "Wayar da ta mutu da Magariba ba za ta ruɓe kafin Isha'i ba." Na sa. Yaran suna ganin tawa ta shiga, rigimar ta ragu da rabi.

Daga nan ni da uwargida muka zauna muka yi tsarin da za mu iya riƙewa. Ba waya a wurin cin abinci, ko na safe ko na rana. Ba kallo idan ya rage awa ɗaya a kwanta, domin hasken gilashi da ɗaukar hankali suna kore barci. Yaron yana da ɗan lokacinsa bayan La'asar, bai kai awa ɗaya ba. Ni nake zaɓar abin da zai kalla in sauke shi tun a shago, a gida kuma data a kashe take, in ya ƙare ya ƙare, babu wani da zai taso da kansa. Duk lokacin da ya samu, wani yana zaune kusa da shi yana tambayarsa da Hausa: wane ne wannan, me ya yi, ina za shi? Auta ba ta da rabo sam, sai dai gaisuwar bidiyo ta WhatsApp da ƙanina da ke Italiya ranar Juma'a, wadda ita hira ce da mutum mai amsawa. Tsohuwar wayar yaran kuwa na sayar da ita, don kada zuciya ta sake raya mana.

Makon farko da na biyu sun yi wuya, ba zan ɓoye ba. Amma wannan karon akwai abin da ya maye gurbi. Bayan tuwo Mma tana buɗe tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi suka dawo gidan bayan shekaru. Da farko yaron kallon bakinta kawai yake yi. Mma ta hana yayarsa yin tafinta. In bai gane ba ta maimaita, ta nuna da hannu, ta kwaikwayi muryar kura har sai ya tuntsire da dariya.

Maganar tukunya

Abinci mai kyau lokaci yake ci, kuma lokacin nan daga jikin mace ake yankarsa. Na gane in ban ɗauki wani kaso ba, duk maganata iska ce. Saboda haka cefane da zuwa nikanika suka dawo wuyana.

Ranar Lahadi bayan an taso daga makarantar allo, nakan riƙe hannun manyan biyu mu shiga kasuwar Aboabo, wani lokaci har Kejetia. A nan ma darasi ne. Ina nuna musu albasar da ta taso tun daga Nijar, tumatirin Akomadan da na Burkina Faso, doyar Techiman da Atebubu, masarar Ejura, geron da ake kawowa daga arewa. Kowane abu sai yaron ya faɗi sunansa da Hausa kafin ya shiga jaka. Shi ke miƙa wa mai ayoyo kuɗi, shi ke cewa "a ƙara mana gyara". Matan kasuwa sun san shi yanzu.

Ga kaɗan daga abin da muka sauya, ko wani zai amfana.

Koko zalla ruwa ne, yana cika ciki amma ba ya gina jiki sosai. Yanzu muna soya masara da gyaɗa da waken suya, a kai nikanika a niƙa su tare, a zuba a roba mai murfi. Da safe minti kaɗan an dama, ya fi taliyar leda saurin haɗuwa. Kafin a soya sai an tsince duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta canza launi, domin irin wannan tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Tsintar aikin yara ce da kakarsu.

Ƙananan busassun kifi muna daka su da ƙashinsu su zama gari, a barbaɗa a abincin auta da miyar kowa. Ƙwai, wake da ganye, wato ayoyo, alefu, kontomire da zogale, kullum akwai ɗaya a cikinsu. Nas ta gaya mana shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, lemon zaƙi ko gwanda ko mangwaro kuwa suna taimakawa. Don haka bayan waakye ɗan itace ake ba su, shayi ya koma na manya. Duk ganyen da za a ci ɗanye sai an wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

Dunƙulen ɗanɗano mun rage, daddawa ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram biyar, na yaro kuma ƙasa da haka, ga shi ɗan ƙullin garin da ke cikin taliyar leda gishiri ne ya fi yawa a ciki. Maimakon lemon roba, uwargida tana haɗa sobolo ko lamurje a gida ranar Juma'a, sukari kaɗan. Sauran kwanaki ruwa.

Kada in yi ƙarya, ɗanyen kaya ba kullum yake da araha ba. Duk wanda ya yi cefane a ƙasar nan a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba, bai manta ba. Akwai lokacin da tumatir ke gagarar talaka. A irin wannan lokaci dabarar iyayenmu ce ke ceto: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, gyaɗa. Kuma da na zauna na haɗa kuɗin biskit da lemo da datar katun na wata guda, na tarar sun isa kiret ɗin ƙwai da wake har da canji.

Ranar Lahadi da yamma ake yin miya kala biyu mai yawa a raba a firij. Ranar da dumsor ya daɗe, sai a ɗumama safe da yamma kamar yadda Mma ta saba tun kafin a san firij.

Shi kuwa maƙi tuwo, ba mu yi masa dole ba. Aka ce mu riƙa ajiye masa a gaba, ya ci ko ya bari, amma babu biskit a bayansa. Ya fi sau goma yana ture kwanon. Abin da ya karya shi abu biyu ne: cin abinci a faranti ɗaya da sauran yara, da kuma sa shi tsinke ganyen ayoyo. Miyar da hannunsa ya taɓa, sai ya ce tasa ce.

Tsakar gida ta farfaɗo

A gidan haya ba ka isa ka yi tarbiyya kai kaɗai ba. Ka hana naka, ya leƙa ɗakin maƙwabci ya tarar ana kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka na bi ɗaki ɗaki na yi magana, ba da sigar wa'azi ba, labarin buta kawai na ba su. Wani ya ce in ji da iyalina, na ce na gode. Amma ɗakuna huɗu sun shigo, har da wata maƙwabciyarmu 'yar Asante, Kirista, wadda ta ce ita ma jikokinta sun fara amsa mata Twi da Turanci. Ashe ciwon ba namu kaɗai ba ne.

Yanzu bayan La'asar tsakar gidan cike take. 'Yan mata suna ampe, maza suna ƙwallo da wasan ɓuya, wani dattijo mai gadi yana koya wa manyansu oware kafin ya tafi aiki. Iyaye mata suna karɓa-karɓa: yau wannan ta sa ido a kan yaran duka, gobe waccan. Uwargida ta ce awa biyun nan da take samu ba yaro a gindin keke sun fi mata duk shirun da waya ta taɓa saya mata. Ƙara ta ƙaru, gwiwoyi suna ƙujewa, kaya suna datti. Amma ƙarfe takwas da rabi yaro ya yi barci kamar an ɗauke shi. Ranar da aka ɗauke wuta ma ba a jin kukan kowa, sai dai a jawo tabarma waje.

Inda muke yau

Ba mu zama waliyyai ba. Makon Sallah taliyar leda takan dawo kwana ɗaya ko biyu. A dogon layin asibiti ko cikin trotro in tafiya ta yi nisa, nakan miƙa waya, ba na musu. 'Yar farin tana bukatar intanet wani lokaci don aikin makaranta, sai mu zauna tare a yi a gama. Mma da kanta, mai langa, takan ɓoye alewa a bakin zane ta ba jikokinta in ta ga ba na nan. Ni ma akwai daren da hannuna ke ƙaiƙayi tun kafin a yi sallama daga Isha'i.

Kuma ba na cewa kowa ya jefar da waya. In aka yi haka ni da me zan ci? Yaran nan a duniyar waya za su rayu, Turanci ma dole ne su iya shi da kyau. Abin da na koya shi ne, shekarun farkon nan ba sa dawowa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waya za su same ta ko ba jima ko ba daɗe. Kakarsu kuwa, da harshen da ke bakinta, da ɗanɗanon miyarta, ba a sayar da su a Adum.

Yanzu idan uwa ta kawo mini wayar da auta ya fasa, nakan gyara in karɓi kuɗina, sannan in tambaye ta ko akwai langa a gidansu. Wasu su yi dariya, wasu su tsaya su ji labarin.

Makon jiya, gab da Magariba, Mma ta dubi yaron ta ce: "Maigidana, buta." Ya ruga ya ɗauko, har da cika ta da ruwa. Ta ce: "To, ina kuɗin cefanena? Kwana uku ba ka ba ni ko sisi ba." Ya riƙe ƙugu, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce da Hausarsa ta 'yan zango: "Ke kin tsufa. Amarya zan yi."

Mma ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta miƙo mini langa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba iyaye ikon sauke amanar da ke wuyansu.